Muhawara: A saka wa kulob ɗin zane maki, ko a bar yara su yi abinsu?

Malamar Aji Biyar:

Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Zango biyu ke nan ina kula da kulob ɗin zane na makarantar da nake koyarwa, wanda muke yi sau ɗaya a mako na tsawon awa guda bayan an tashi. Darasin zane na cikin manhaja yana nan daban da malaminsa da jarrabawarsa. Wannan kuwa duk yaron da ya ga dama shi ke zuwa, sai mu baza takardu da fensir da fenti da yumɓu a kan tebura, kowa ya yi abin da ransa ya ba shi. Da yara ƙalilan muka fara, yanzu har kujeru muke arowa daga ajin da ke maƙwabtaka da mu.

A taron malamai na makon jiya aka kawo shawarar a riƙa ba yaran kulob ɗin maki, a shigar da shi takardar sakamako, sannan a ƙarshen zango a ba na ɗaya da na biyu da na uku kyauta. Hujjar masu shawarar ita ce iyaye suna tambayar abin da 'ya'yansu ke samu a wannan awar, kuma makaranta ba ta da abin nuna musu. Hankalina bai kwanta ba, amma da aka ce in faɗi dalili sai na rasa abin cewa. Za a sake zama mako mai zuwa, shi ya sa nake neman ra'ayinku.

Uban Yara Uku:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni ina cikin irin iyayen da ke yin wannan tambayar, don haka bari in faɗi yadda muke ganin abin. Yaro ya wuni a makaranta, ga aikin gida yana jiransa, sannan an ƙara riƙe shi awa guda, ya dawo da fenti a riga da wata takarda da ban gane abin da ke jikinta ba. Idan na tambaye shi me ya koya, sai ya ce sun yi wasa da kala. Abin da ba a auna shi, ta yaya zan san ko yana ci gaba ko yana nan inda yake? Ni ban ga aibin maki da kyauta ba, domin yaro idan ya san za a duba aikinsa ya fi mai da hankali.

Malamin Lissafi:

Alhaji, tambayarka tana kan hanya, amma akwai wani gwaji da ya dace a sani kafin a yanke hukunci, domin kusan a kan wannan batu aka yi shi. A shekarar 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam uku, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford a Amurka. Da farko sun zuba ido suka gano yaran da ke son zane da alƙaluman kala don kansu, ba tare da kowa ya sa su ba. Sai suka raba su gida uku. Rukuni na farko aka ce musu idan sun yi zane za a ba su takardar yabo mai ado. Rukuni na biyu ba a yi musu alkawari ba, amma bayan sun gama aka ba su takardar bagatatan. Rukuni na uku kuwa suka yi zanensu ba a ba su komai ba.

Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye alƙaluman a aji cikin sauran kayan wasa, aka laɓe ana kallo. Yaran da aka yi wa alkawarin kyauta sun ɓata kimanin rabin lokacin da sauran suka ɓata a kan zane, alhali a baya duk sha'awarsu ɗaya ce. Waɗanda kyautar ta zo musu ba zato ba su canja ba. Abin da masanan suka fahimta shi ne, yaron da aka yi wa alkawari yakan fara ganin cewa don kyautar yake yin zanen, saboda haka ranar da babu kyauta babu dalilin ɗaukar alƙalami.

Yaran Malama su ne ainihin irin waɗannan yaran, domin da ƙafarsu suke zuwa. Ni da nake koyar da lissafi ba zan iya aiki babu maki ba, kuma ban ce a daina ba. Amma a yini guda yaro yana da darussa shida ko bakwai da ake auna shi a cikinsu, to mene ne laifin a bar masa awa ɗaya tak a mako da babu jan biro a cikinta?

Uban Yara Uku:

Na ji, Malam, kuma gwajin ya ba ni mamaki. To amma idan babu maki, sai a gaya mana amfanin da zai biyo baya. Na sha jin ana cewa zane da kiɗa suna buɗe ƙwaƙwalwa har yaro ya fi ƙoƙari a lissafi da kimiyya. Idan hakan gaskiya ne, ni na gamsu, ba sai an ba shi maki ba.

Ɗalibar Sashen Ilimi:

Baba, da zan so in ce maka gaskiya ne, domin hakan zai sauƙaƙa wa Malama aikinta a taro, amma hujjar ba ta kai ƙarfin yadda ake yaɗa ta ba. A shekarar 2013 ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta fitar da wani rahoto da ya tattara bincike masu yawa a kan wannan tambaya. An tarar cewa lallai ɗaliban da ke shiga harkar fasaha sukan fi samun maki mai kyau, sai dai hakan bai nuna cewa fasahar ce ta jawo ba, domin yana yiwuwa tun asali yaran da ke da ƙoƙari, ko waɗanda gidajensu ke da hali, su ne suka fi shiga. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne wasan kwaikwayo a aji, wanda aka ga yana inganta harshe da fahimtar labari.

Akwai kuma gwajin da Daniel Bowen da Brian Kisida suka yi a birnin Houston na Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2019. Makarantu 42 ne suka shiga, da ɗalibai sama da 10,000, kuma ƙuri'a aka jefa wajen zaɓen makarantun da za a ƙara wa ayyukan fasaha, saboda kada a ce masu gata ne aka ɗauka. A makarantun da aka ƙara wa, an samu raguwar ɗaliban da ake hukuntawa saboda rashin ɗa'a, rubutun ɗalibai ya inganta, tausayin juna ma ya ƙaru. A lissafi da karatu da kimiyya kuwa ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Wato makin lissafin bai hau ba, amma kuma bai sauka ba duk da lokacin da fasahar ta ci, kuma ina ganin wannan rabin na biyu ya shafi damuwarka kai tsaye.

Malamin Lissafi:

Ni da na so in kawo misalin Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifaniya, wanda tun yana yaro zane ne burinsa, mahaifinsa ya hana shi ya tura shi karatun likita, daga baya kuma zanen da ya riƙa yi na ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ya zama ginshiƙin aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1906. Amma na san ɗalibarmu za ta ce mutum ɗaya ba hujja ba ne.

Ɗalibar Sashen Ilimi:

Haka zan ce, Malam, tare da girmamawa.

Tsohuwar Shugabar Makaranta:

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so in ja hankalin Malama ga wani tarko da na taɓa faɗawa ciki da kaina. Shekarun baya, da nake neman a amince da irin wannan kulob a makarantar da na shugabanta, na tsaya gaban iyaye na ce musu zane zai ɗaga makin lissafi. Suka yarda. Da sakamako ya fito lissafin bai motsa ba, sai wani uba ya tashi a taro ya ce tunda don lissafi ake yi, me zai hana a ba malamin lissafi awar kai tsaye? Ban sami amsa ba, domin da bakina na ba shi sandar da ya doke ni da ita. Zangon da ya biyo baya awar ta koma darasin ƙari.

Saboda haka, 'yata, kada ki jingina kulob ɗinki da wani darasi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 31, ta ambaci hutu da wasa da nishaɗi da shiga harkokin al'adu da fasaha a matsayin haƙƙin yaro, ba ta kuma ɗora sharaɗin sai sun ƙara masa maki ba. Wannan ya ishe ki madogara.

Sai dai ina da gyara ga masu cewa a bar yara kawai. Na ga kulob ɗin da ya mutu ba tare da an taɓa saka masa maki ba, domin malamin yakan zuba kaya a tebur ya koma gefe yana duba littattafan jarrabawa. Mako huɗu ko biyar yaran suka gaji da zana gida ɗaya da rana ɗaya da bishiya ɗaya, suka watse. Cire maki abu ne daban, cire koyarwa kuma abu ne daban, kuma na biyun lalaci ne ko da an kira shi 'yanci.

Mai Sana'ar Zane:

Hajiya ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Yaran aji biyar suna daidai shekarun da yawancin mutane suke ajiye zane har abada. Masanin koyar da zane Viktor Lowenfeld, a littafinsa na 1947 kan yadda zanen yara ke girma tare da su, ya nuna cewa ƙaramin yaro yana zana abin da ya sani ne ba tare da damuwa ba, shi ya sa za ka ga mutum ya fi gida tsawo kuma hakan bai dame shi ba. Daga wajen shekara 9 zuwa 12 sai idonsa ya buɗe, ya fara son abin ya yi kama da na gaske, hannunsa kuma bai kai ba. A nan ne ake fara jin "ni ban iya zane ba". Idan a daidai wannan gaɓar aka jera su na ɗaya, na biyu, na uku, to an tabbatar wa sauran abin da dama suke zargi game da kansu. Idan kuma aka ƙyale su babu mai nuna musu komai, nan ma za su bari, sai dai a hankali.

Abin da yaro ɗan shekara goma yake buƙata ƙananan dabaru ne da za su cike ratar da ke tsakanin idonsa da hannunsa. Misali, ki ajiye kofi a tebur ki ce su zana. Kusan dukkansu za su yi bakin kofin da'ira cikakkiya, domin sun san zagayayye ne. Sai ki ce kowa ya rufe ido ɗaya, ya miƙa hannu da fensir, ya auna faɗin bakin kofin da kuma tsayinsa yadda yake ganinsa daga inda yake zaune. Nan take za su ga ashe siffar ƙwai ce a kwance, kuma tana ƙara matsewa idan suka sunkuya. Minti goma ya isa wannan, sauran mintuna hamsin nasu ne. Na ga yaron da bayan ya gane wannan ya bi duk abin da ke da baki a ajin, kwandon shara da bokiti da murfin gora, yana zanawa ba wanda ya sa shi.

Malamar Aji Biyar:

Malam, kamar kana ajin. Akwai wata yarinya, wadda ke cikin na gaba-gaba a kowane darasi, da ta zo kulob ɗin mako uku a jere ba ta gama zane ko ɗaya ba. Za ta ja layi ta goge, ta sake ja ta goge, har takardar ta huje, sannan ta duƙunƙune ta ta ɗauki sabuwa. Kullum tambayarta ita ce, "Malama, daidai ne?" A mako na huɗu na kwashe duk abin gogewa na kulle a durowa, na raba musu gawayin zane da manyan takardu. Ta zauna kusan minti goma ba ta taɓa komai ba, tana kallon na kusa da ita wanda tuni hannunsa ya yi baƙi ƙirin. Daga baya ta fara, layin ya karkace, ta ɗago ta dube ni, na yi kamar ban gani ba. Sai ta mai da karkataccen layin reshen bishiya. Ranar ce ta fara tafiya gida da takarda a hannu. Yanzu da nake rubuta wannan na gane cewa ita ce dalilin da ya sa hankalina bai kwanta ba a taron, domin idan aka kawo maki, ita ce za ta fara komawa neman abin gogewa.

Uwar Tagwaye:

Ina da tambaya ta wani ɓangaren. Akwai iyayen da ba sa son 'ya'yansu su zana abu mai rai saboda dalilin addini, akwai kuma yaran da zanen fensir bai dame su ba sam, kamar ɗaya daga cikin tagwayena, wanda ya fi son yanka kwali da almakashi ya manna. Shin irin waɗannan suna da wuri a kulob ɗin, ko sai wanda ya iya zana fuska?

Malamin Lissafi:

Suna da wuri babba, Hajiya, kuma wannan wata hujja ce a kan maki, domin da wane ma'auni za a gwada mai ginin kwali da mai fenti da mai yumɓu a ce wane ya fi? Ga wanda ba ya son abu mai rai, fagen yana da faɗi. A ba yaro kamfas da rula, ya zana da'ira, sannan ba tare da ya canja buɗin kamfas ɗin ba ya riƙa taka shi a kan gefen da'irar. Zai ga sau shida cif ya zagaye ya dawo inda ya fara, kuma daga waɗannan ɗigo shida fure mai ganye shida zai fito, da tauraro, da adon da za a iya shimfiɗawa har ya cika takarda. Ga kuma kyautata rubutu. Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a shekarar 940 miladiyya, shi ake jingina wa tsarin auna haruffan Larabci da ɗigon bakin alƙalami, da tsawon alif, da da'irar da alif ɗin ya zama faɗinta. Yaro zai iya shafe zango guda a kan wannan kaɗai bai ƙoshi ba. Ina dai roƙon kada a gaya musu cewa lissafi suke yi, don kada su gudu.

Uban Yara Uku:

To, na sauko daga kan maki, amma ban sauko daga kan haƙƙina na sanin abin da ɗana yake yi ba. Hajiya Shugaba ta ce malami na iya zuba kaya ya koma gefe, to idan babu sakamako, ta yaya ni da nake gida zan bambance kulob ɗin Malama da irin wancan?

Tsohuwar Shugabar Makaranta:

Tambaya ce mai kyau, Alhaji, kuma amsarta ba ta da wuya. Kowane yaro a yi masa jakar kwali da sunansa, duk abin da ya yi a rubuta kwanan wata a bayansa a saka ciki, har da waɗanda bai gama ba. A ƙarshen zango ya kai gida, ka baza su a tabarma daga na farko zuwa na ƙarshe, ka ce ya ba ka labarin kowanne. Idan malamin yana aiki za ka gani da idonka, idan kuma gida ɗaya da rana ɗaya ne tun farko har ƙarshe, sai ka zo makaranta da hujjarka a hannu. A takardar sakamako kuma ana iya rubuta cewa ya halarci kulob ɗin, da jimla ɗaya ko biyu kan abin da ya fi mai da hankali a kai, ba tare da lamba ba. Sannan a yi baje koli a ƙarshen shekara, kowane yaro ya zaɓi aiki ɗaya da kansa a liƙa a bango.

Mai Sana'ar Zane:

Na yarda da jakar ɗari bisa ɗari, amma ina da ja a kan baje kolin, Hajiya. Ko makaranta ba ta jera su ba, iyaye za su jera su da baki. Na taɓa tsayawa a irin wannan taro na ji wata uwa tana ce wa ɗanta, a gaban abokansa, "Dubi na wancan, kai me ka yi?" Kuma da zarar an sa ranar baje koli, makonni uku na ƙarshe sukan koma shiri, malami ya fara gyara wa yara aiki da hannunsa don kada a ji kunya. Idan dole sai an yi, na fi son a haɗa su su yi babban aiki guda a doguwar takarda ko a bango, wanda ba za a iya nuna inda hannun wane ya tsaya ba.

Tsohuwar Shugabar Makaranta:

Uwar da za ta faɗi haka a makaranta za ta faɗa a gida ranar da jakar ta iso, Malam, ba mu da ikon rufe bakin kowa. Kuma akwai yaron da duk shekara ba a taɓa kiran sunansa a taro don wani abin kirki ba, ganin aikinsa a bango ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Ni dai ba zan soke baje koli ba, sai dai in hana malami taɓa aikin yaro.

Malamar Aji Biyar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan kai taron: babu maki kuma babu na ɗaya, za a yi wa kowane yaro jaka mai kwanan wata, za a rubuta halarta da gajeren bayani a takardar sakamako, kuma zan riƙa buɗe kowane zama da dabara ɗaya ta minti goma. Zan kuma nemi a rubuta a ajiye cewa ba za a karɓe awar don darasin ƙari ba idan jarrabawa ta matso. Maganar baje koli kuwa zan tambayi yaran da kansu ranar Laraba, in ji ko sun fi son kowa ya liƙa nasa ko su haɗu a kan doguwar takarda ɗaya. Malam Mai Zane, idan suka zaɓi doguwar takardar, wane irin fenti ne ba zai sa ta jiƙe ta yage ba idan yara da yawa suna aiki a kanta lokaci guda?